Bugun da ba na sitiyari ba

Wallahi tallahi abin da zan ba ku ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma da a ce labarin jarumta ne da tuni na cika gari da shi, to labarin kunya ne, shi ya sa na daɗe ina riƙe da abina. A lokacin ina kanikanci a Gaya, ba a jima da komawa tuƙin hannun dama ba, ina da 'yar rumfata a bakin tasha, na dawo daga Kano inda na koyi aikin, kaina a kumbure, gani nake babu ƙarar da mota za ta yi ban gaya maka daga inda take fitowa ba.

Surukina mutumin Ajingi ne, mai sayen gyaɗa, kuma ku yi haƙuri ba zan faɗi sunansa ba, mu ce Alhaji. Dattijo ne mai nauyi, ba ya yawan magana, kuma kowa ya san ba da son ransa ya ba ni 'yarsa ba, don a ganinsa bakanike mutum ne da kullum yake kwance a ƙasa cikin baƙin mai. Tun da aka yi auren ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in na hango shi takalmi nake cirewa tun daga nesa. Yana da akori-kura guda da take jigilar buhuna da 'yan kasuwa, amma duk gyaranta Kano ake kai wa, a wuce ta gaban rumfata kamar ba na nan. Abin yana ci mini rai ƙwarai, sai dai ba bakin magana.

Rannan sai ga direbansa, wani dogo mai suna Mati, ya kawo motar ya ce Alhaji ya ce in duba, sitiyari yana wasa. Jama'a, farin cikin da na yi kamar an ba ni kujerar Makka. Na ɗaga ta a jak, na girgiza taya, na ga tairod ya cinye, wato sandar nan da take haɗa sitiyari da ƙafa. Na canza, na ɗaure kowane noti da hannuna, na cika giris, na daidaita ƙafafun, har wanke motar na yi, abin da ba aikina ba ne.

Ba a yi kwana nawa ba Mati ya dawo yana yamutsa fuska. Ya ce wasan ya tafi, amma yanzu da ya karya kwana sai ya ji ƙwam, ƙwam, kamar ana buga ƙarfe. Na ce ƙarya ne, amma duk bakanike ya san ƙara bayan gyara sunan mai gyaran take kira. Na shiga ƙarƙashi na sa shi yana juya sitiyarin hagu da dama ina dafa kowace gaɓa, ko zan ji inda take tsalle. Shiru. Na duba boljoyin, wato gaɓar da ƙafa take juyawa a kai, na duba robobin, na duba shokozoba, na bi notocin taya ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki motar na je fili bayan kasuwa na yi ta zagaye har jiri ya kama ni, ko ƙis ban ji ba. Na ƙara ɗaure abin da yake a ɗaure na ba shi.

Ya sake dawowa. Wannan karon na kwance duk aikin na mayar, na canza abin da ma lafiyarsa ƙalau daga aljihuna. 'Yan tasha suka samu abin yi, in na wuce sai wani ya buga gwangwani ya ce injiniya, daga ina wannan take fitowa. A gida kuma matata sai dai ta ce Baba yana gaisuwa, kuma wannan gaisuwar ta fi mini zagi ciwo.

Ana nan sai ga Alhaji da kansa a gaban motar, wata ranar bayan azahar, sun sauke kaya za su koma wayam. Na durƙusa na gaishe shi, bai ko kalli motar ba, ya ce, "Malam, ko za ka daure ka bi mu, ka ji da kunnenka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma da ƙasa za ta tsage da na shige. Mati ya matsa mini wuri a gaba, na ce a'a, ina ni ina haɗa kafaɗa da surukina, na haye baya. Na ce ma daga nan zan fi jin ƙarar, alhali kunya ce kawai.

To ku riƙe wannan, bayan motar nan babu kowa, babu komai, ko igiya babu, don ni na share shi da hannuna kada wani abu ya yi ta gangarawa ya ruɗe ni. Rana tsaka, gari fayau. Na tsaya na dafa rufin gidan direba, na karkata kunne wajen ƙafar gaba. Muka fita gari, muka hau burji, kwanar farko na ji ƙwam a hankali, sai dai ba daga ƙasa ba. Na ce kunnena ne. Muka ci gaba, ina ta karanto sunayen ƙarafa a raina ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

Da muka iso kwanar da ake ratsewa zuwa Gafasa, Mati ya sassauta ya karya, sai aka buga rufin nan da ƙarfi, dab da hannuna, har na ji a tafina. Na ga ƙurar da ke kan rufin ta yi tsalle a wuri guda. Aka sake bugawa. Duk wanda ya taɓa hawa bayan akori-kura ya san wannan bugun, shi fasinja yake yi in ya iso inda zai sauka. Kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa na ji kafaɗar mutum ta gogi tawa, da ɗumi, irin na wanda ya daɗe a rana.

Abin da na yi daga nan shi ne abin kunyar. Ban yi salati ba, ban yi addu'a ba, ni da nake limancin 'yan tasha in liman bai zo ba. Na zura hannu ta tagar da Alhaji yake, na caɓo wuyan babbar rigarsa, na ƙwala masa kira da sunansa na yanka, tsirara, ba Alhaji ba Baba, ina cewa a tsaya, a tsaya. Na ji rigar ta kece a hannuna.

Mati ya taka burki. Ƙura ta wuce mu, wuri ya yi tsit, ni kuma ina rataye rabin jikina a waje. Sai motar ta ɗan ɗaga ta baya, yadda sifirin yake yi in mutum ya dira. Wannan kam ba kunne ba ne, aikina ne, na san nauyin mutum in ya bar mota. Su ma sun ji, don na ga Mati ya waiga ya kalli Alhaji.

Alhaji ya zare hannuna daga rigarsa a hankali, ya ce wa Mati, "Wa ka ɗauko?" Mati ya yi ta rantsuwa, can ya ce shi dai abin da ya sani, ranar da sitiyarin ya fara wasa, ranar kasuwa ce, an buga masa a daidai nan, bai tsaya ba don yana tsoron taka burki da kaya a kwana. Da suka isa Ajingi ya tambayi wanda ya buga don ya ba shi haƙuri, kowa ya ce ba shi ba ne.

Alhaji ya leƙa ya ce wa hanyar da babu kowa, "A yi haƙuri, a sauka lafiya." Ya juyo ya ce in shigo gaba. Na shiga, na zauna a matse da shi har Ajingi, wuyan rigarsa yana reto a kafaɗata. Duk kwanar da muka sha, ko ƙis.

Daga ranar duk gyaran motarsa ni yake kawo wa, abin da na daɗe ina nema, amma ban ƙara iya ɗaga ido na kalle shi ba har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma ya hana Mati ma faɗa. Rigar kuwa ya aiko wa 'yarsa ta ɗinke, tana ɗinki a gabana tana cewa wace irin ƙusa ce ta yi wa Baba wannan ɓarna, na ce ban sani ba.

Ni dai shawarata, in motarku tana ƙara a kwana bayan gyara, ku fara da tairod da boljoyin da notoci, don sau tari nan matsalar take, kada ku ce bakanike ya ce aljanu ne. Amma in an duba komai lafiya, to ku tsaya a kwanar ku ɗan jira, ba abin da zai rage ku. Mati haka ya riƙa yi a kwanar Gafasa, da fasinja ko babu. Shekarar da zai bar tuƙi ya zo rumfata ya zauna, ya ce mini ya tsaya kamar kullum, motar wayam, sai ya ji bayanta ya ɗan zauna ƙasa, kamar an hau. Na tambaye shi ina aka buga masa a sauka, ya ce har ya ajiye makullin ba a buga ba.