Layin da Ban Goge Ba

Shekarar da na fito daga elementare ta Karaye, wallahi ba a iya magana da ni. Na iya boko, rubutuna yana da kyau, ubana kuma malamin dagaci ne. Ranar kasuwa nakan shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya, in ajiye kwalbar tawada, in ɗora katako a cinya, mutane su zo in rubuta musu wasiƙa. In na gama sai in ɗaga takardar sama in ƙare mata kallo, wai ina duba kuskure, alhali miƙewar layukana nake sha'awa.

Lokacin ana yaƙin Turawa, takarda ta yi wuya. Falle uku ko huɗu babana yake ba ni, ya ce in yi hankali da su.

Wata rana wani dattijo daga Jajaye, can wajen Rogo, ya ɗaure jakinsa ya zo ya durƙusa a gabana. Bayan mun gaisa ya ce ɗansa namiji ɗaya ne tak, ya tafi haƙar kuza a Jos, damina biyu ke nan ko saƙon gaisuwa babu. Yana magana ransa yana ɓaci.

"Rubuta masa, ɗan malam. Ce masa in ba zai dawo ba, ya nemi wani uban!"

Ni kuma uban iya yi, sai na ga maganar ta yi gajarta. Na gyara ta, na rubuta: na sallama ka ga duniya, ba ni ba kai, kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidana. Har daɗi na ji yadda jimlar ta zauna.

Dattijon ya ɓare goro ya tauna yana kallon jakinsa. Can ya ce, "Kai, a'a. Goge wancan. Ce masa dai gona ta fi ƙarfina, ya zo."

Tawada ba ta goguwa, sai dai a ja mata layi a soke. Na kalli shafin nan fes, na tuna cewa wani akawu ne zai karanta shi a barikin kuza, ya ga kwaɓa ya ce ai marubucin Karaye ɗan koyo ne. Sai na sunkuya na yi ta goga bakin alƙalami a jikin katako, ƙarar tana fita kamar ina sokewa. Na ƙara maganar gonar a ƙasa, na naɗe.

"Ka goge?"

"Na goge, Baba."

Ya sa mini albarka ya tafi. Na ce a raina ai maganar ƙasa za ta wanke ta sama.

Bayan wata biyu amsa ta zo ta hannun masinjan hakimi, dattijon ya kawo mini in karanta. Na buɗe na duba. Ɗan ya ce an karanta masa wasiƙar a gaban abokan aiki, kowa ya ji. Tunda uba ya sallama shi, ya karɓa, ba zai sake damun kowa ba.

Dattijon ya ƙura wa bakina ido. Na ce, "Yana gaishe ka ƙwarai, Baba. Ya ce yana nan tafe bayan kaka."

"Alhamdu lillahi! Ka gani ko? Ai yaron kirki ne, zuciya ce kawai irin tawa."

Na yi makonni ina gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa na yi masa ƙarya, kuma rashin takarda ne ya sa ban sake ta farko ba. Har na fara yarda. Ranar da asirina ya tonu a wurina, wani bafaden hakimi ne ya sa ni rubutu, tawada ta ɗiga ɗigo ɗaya a gefen shafi. Ko tunani ban yi ba na yage fallen na ɗauko sabo. Ina cikin rubuta bisimilla hannuna ya tsaya. Ashe akwai takarda. Akwai ta saboda ɗigo ɗaya da zai zubar mini da mutunci, babu ta saboda ɗan wani. Tausayin ma na kaina nake ji, kada a ce ɗan malam ya yi ɓarna. Tir! Ban taɓa ganin kaina tsirara haka ba, kuma abin da na gani bai yi mini kyau ba ko kaɗan.

Duk da haka sai da na ƙara sati uku ina jan ƙafa. Da aka fara cirar gyaɗa na ari keken babana na nufi Jajaye. Na tarar da dattijon a kan tsani da rana tsaka, yana yi wa ɗakin ɗansa sabuwar jinka. Ya sauko yana murna, ya sa aka kawo mini fura. Ban iya sha ba. Na durƙusa na faɗa masa duka, da layin da ban goge ba, da abin da na ƙara na kaina, da amsar da na juya.

Na so ya zage ni, ko ya kai ni ƙara wurin babana. Ya daɗe yana murza tsinken ciyawa a hannu.

"Ni na fara faɗa ai," in ji shi. "Ka zo da takarda?"

Na zo da ita. Ya faɗa ina rubutawa, kowace jimla sai na maimaita masa kafin mu wuce. Ya ce shi ne da laifi, ya ce ɗaki yana nan an yi masa jinka, ya ce ko ba don gona ba ya zo ya gan shi. A ƙasa na ƙara nawa bayanin, da izininsa, na faɗi abin da na aikata. Layukan duk suka karkace, na bar su haka.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ina kawo wa kaina hujja mai daɗi, nakan tsaya in tambayi kaina wa nake karewa. Yawanci ni ne. Wannan tambayar ta raba ni da rigingimu da yawa a rayuwa, ita ce ɗan kwanciyar hankalin da na samu, amma a kan dattijon nan na koye ta, kuma bai ci ribar komai ba.

Wasiƙar ta dawo da bazara, ba a ko buɗe ta ba. An rubuta a bayanta cewa mai ita ya bar bariki, ba a san inda ya nufa ba. Ni na kai masa da kaina, na faɗa masa yadda yake, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya karɓa ya jujjuya ta, ya shafa bakin ambulan da babban yatsa. Sai ya miƙo mini.

"Buɗe, ɗan malam. Karanta mini a hankali, in ji abin da ɗana zai ji da ta same shi."