Jirgin da Ya Ratse Zuwa Bakin Teku

A gidanmu na Zaitawa, idan sanyi ya shigo, ba a kashe wutar tuwon dare. Iya, kakarmu ta wajen uba, takan sa a kwashe garwashin a tsohon kasko a kai mata ƙofar ɗaki, mu kuwa jikoki mu kewaye shi bayan sallar isha'i, kowa yana ture ɗan'uwansa da gwiwa. Ni ne maigidanta a wasan kaka da jika, don haka da ni take farawa. "Kai dai ban ga ranar aurenka ba," in ji ta, "miji sai cin tuwo, ko ɓarin goro babu."

Babanmu, Sulaimanu, shi ne ɗanta na fari, Iya kuwa mutumiyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, "wancan" kawai take ce masa. Har maƙwabcinmu Sule sai da ta mayar da shi Mai Kanti. Mu abin dariya ne a wurinmu, amma Baba bai taɓa taya mu dariyar ba. Na taɓa ji yana gaya wa mahaifiyata cewa ga shi har ya fara furfura, bai san yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba.

Tatsuniyoyin Iya suna da yawa, amma akwai wadda ba irin ta kowa ba. Da ƙuruciya ta bi kakanmu Kudu fataucin goro, ta hau jirgin ƙasa, ta ga teku da idonta, mu kuwa iyakar ruwanmu kududdufin unguwa. Idan iska ta kawo kukan jirgi daga bayan ganuwa, sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe a kan dogo." Mu ce, "Ta tsaya mu hau."

Wai wata mata ce ta yi tafiya a jirgi tare da surukanta da ɗanta na fari. A hanya akwai wata mararraba inda wani siririn layi ya ratse daga babban dogo ya nufi wani gari a bakin teku. Garin ba na noma ba ne, ba na kasuwa ba. Masu hali ne suke zuwa hutu, su zauna a kan yashi suna kallon ruwa. Nan mukan tsayar da ita, don mun kasa yarda akwai mai shiga jirgi takanas don ya kalli ruwa. Sai ta ce, "Wallahi har da tuɓe riga. Ku dai ku bar ni in ci gaba."

A wannan mararrabar ake kwance taragan baya a ɗaura wa ƙaramin kan jirgi mai zuwa bakin teku. Kowa ya sauka yin alwala. Da aka busa usur, yaron ya ruɗe ya nufi taragon baya. Uwar tana ganinsa ta taga, surukinta yana zaune a gabanta yana jan carbi. Ta buɗe baki, sunan ya zo har kan harshenta, ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Kai yaro! Kai yaro!" Tashar kuwa cike take da yara, duk suka waiwayo ban da nata. Ƙaramin jirgi ya ja ya tafi da shi.

Jirgin bakin tekun ba kullum yake zuwa ba, uwar kuwa ba ta iya jira. Ta sauka ta bi siririn layin da ƙafa, tsakuwa tana yanka mata dunduniya, har ta isa inda dogo ya ƙare, gaba sai ruwa. Can babu suruki, babu wanda ya san ta, ga rugugin teku ya cika ko'ina. Ta riƙe kanta da hannu biyu ta ƙwala sunan. Yaron yana rakuɓe a rumfar wata mai suyar kifi, ya ji sarai, amma bai amsa ba, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Sai da ta yi ta maimaitawa har muryarta ta dusashe, sannan ya leƙo.

Kullum sai mun tambaya, "Iya, mene ne sunan yaron?" Kullum amsar ɗaya ce: "Ku raɗa masa wanda kuka ga dama. Jirgina ya tsaya, kowa ya sauka ya je ya kwanta."

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada ka rabu da manya a tasha. Sai da na girma na lura ba ta yin wannan tatsuniyar sai ranar da Baba ya dawo kasuwa da wuri yana zaune a tsakar gida, kuma ran nan muryarta ta fi ƙarfi. Ban sani ba ko shi ya lura. Har yau abin yana yi mini ciwo, cewa mutum biyu a gida ɗaya sai da suka bi ta bakin teku kafin magana ta isa.

Ina da aure da 'ya'ya lokacin da Baba ya yanke jiki ya faɗi. Aka dawo da shi daga asibiti ba ya magana, ba ya buɗe ido. Mahaifiyata ta kira shi Alhaji, mu muka kira Baba, shiru. Iya ta tsufa tukuf, idonta ya tafi. Ta ce in kama hannunta in kai ta wurinsa, da muka shiga ta kori kowa. Ni na tsaya a bayan labule, ban yi nisa ba.

Can na ji ta, a hankali: "Sulaimanu." Ta sake, da ɗan ƙarfi. Ta sake. Sai na ji muryar Baba, can ƙasa, kamar ta ƙaramin yaro: "Na'am, Iya."

Ta fito tana laluben bango, fuskarta jiƙe. Ta kama hannuna ta ce, "Ku shiga. Wancan ya farka."