Mai Askin da Ya Ƙi Yi wa Fim Ɗina Dariya

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina cikin jera takalma a ƙofar shago aka zo mini da labarin cewa Baba Mai Aski ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wa ya gani?" Sai da na je na tarar da shagonsa a garƙame, benci a kife, sannan na yarda. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ita kanta wannan tambayar, Baba, a wurinka na koye ta. Ba banza duk layinmu ke kiranka Sai-na-gani ba.

An yi ta faɗin alherinka, kuma ba a yi ƙari ba: marayun da kake yi wa aski kyauta, tsofaffin da kake bi har gida in ciwo ya kwantar da su. Nawa alherin daban yake. Ka ƙi yi mini dariya a lokacin da kowa ke yi.

Bara ne shaiɗan ya raya mini cewa ni ɗan fim ne. Na ɗauki wayata, na sa ƙanin matata ya fito a matsayin wanda ya ari takalmi zuwa neman aiki, takalmin ya matse shi. A falona muka ɗauka. Duk wanda na nuna wa sai ya riƙe ciki. Wanda ya fi kowa kuwa shi ne mai labule, maƙwabcina da bango ɗaya ya raba shagunanmu. Har ƙwalla yake sharewa. "Wallahi ana cutar ka a kasuwar nan! Kai da wannan baiwa, kana durƙusa wa ƙafafun mutane? Saki shagon nan ka kama fim!"

Ni da na shekara da shekaru ina rantse wa mutum takalmi ya zauna masa alhali babban yatsansa na neman agaji, sai ga shi na haɗiye wannan zancen ko tauna babu. Har mun fara maganar in bar wa mai labule shagon, wanda da shi nake ciyar da gidana.

Na kawo maka fim ɗin ne don ka sa albarka kawai. Ka kalla har ƙarshe, ko haƙorinka ban gani ba. A raina na ce ko dai hassada ce, ko tsufa ya cinye maka dariya. Sai ka ce, "Ɗana, masu dariyar nan, fim suke kallo ko fuskarka? Kawo a sa a talabijin ɗin shagona. Ka zauna a benci kamar mai jiran layi, kada ka ce naka ne."

Ranar na san yadda kake auna mutane. Ka ce wanda ke ƙarƙashin injin aski ba ya dariyar ganin ido, don yana tsoron a ɓata masa kai. In dariya ta fi ƙarfinsa, wuyansa zai motsa a hannunka, dole ka ɗaga inji. Wuni guda fim yana maimaita kansa, baƙin fuskoki na hawa kujera suna sauka, injinka na ta ƙugi kamar babu abin da ke faruwa. Wuri ɗaya tak kake ɗaga hannu: inda surukata ta faɗo falon ba ta san ana ɗauka ba, ta hau ƙanin matata da faɗa don ya taka mata shimfiɗa da takalmin gwanjo. Wurin da na yi niyyar yankewa ke nan.

Da yamma ka zaunar da ni, ba ka rage mini komai ba. Ka ce gaisuwar farko ta yi tsawo kamar ta masu neman alfarma. Ka ce ɗan wasana yana fara murmushi kafin abin dariyar ya iso, ni kuma ina sa shi ya yi bayaninsa bayan ya wuce. Ka ce ƙarar fanka ta fi muryar mutane fita. "Tsohuwar nan ba ta san tana ba da dariya ba, shi ya sa take bayarwa. A kanta za ka gina." Kana kakkaɓe tawul ka ƙara da cewa, "Ni ban ce komai ba. Amma me tef ɗin awon mai labule ke yi a jikin bangon shagon takalma?"

Ban saki shago ba. Na sake ɗaukar fim ɗin a kan surukata, muka mayar da shi talabijin ɗinka makonni kaɗan kafin ka kwanta. Allah da ikonsa, mai labule ne a kujera, fuska a murtuke, don tun da na fasa ya daina ganin baiwata. Ana zuwa wurin faɗan, kansa ya yi tsalle, inji ya share masa titi daga bayan kunne har tsakiyar kai. Ka dube ni ka ce, "To, yanzu na gani."

Sai dai, Baba, ni ma madubin nake kallo, kuma zan iya rantsewa hannunka ya riga kansa motsi. Na tambaye ka, ka hure gashi daga bakin inji ka ce, "Na gaba!" Yanzu ka tafi da amsar. Ban san ko fim ɗina ya ba da dariya ba, ko kuwa rama mini ka yi. Abin da na sani, shagona yana hannuna, mai labule kuma ya zo gaisuwarka da hula har kunne, yana faɗa wa jama'a bai taɓa ganin mai gaskiya irinka ba. A nan kam na yarda da shi, ko da yake ina lura da aljihun da yake sa tef.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, har da na bayan kunnen nan in da gangan ne. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya bai wa matarka Inna, da 'ya'yanka, da jikokinka haƙurin wannan rashi. Mu kuma da ka bari cikin masu yabo, Allah Ya haɗa mu da wanda zai ƙi mana dariya saboda ƙauna. Amin.