Fuskar da Ke Layin Baya

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata Asabar cikin damina, mu uku ne a tsakar gidan gwaggona a Paiko: ni, da mahaifina, da ita. Littafi muka kawo mata daga Minna.

Bari in fara da asalin maganar. Mahaifina ya shiga soja lokacin yaƙin basasa tare da ƙaninsa. Shi ya dawo, ƙanin bai dawo ba, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. Bayan an koma mulkin farar hula, muna zaune a unguwar Tudun Fulani a Minna, Baba ya soma sayen littattafan tarihin yaƙin wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Turancinsa bai kai ya karanta su ba, bai kuma taɓa cewa in karanta masa ba. Tsakiya yake buɗewa, inda ake jera hotuna. Sai ya wuce hafsoshin da ke zaune a gaba, ya bi na tsaye a baya da yatsa, fuska bayan fuska. In ya gama ya miƙo mini, ni kuma in yi wa littafin bango, in jera shi a kan kanta bayan wanda aka saya kafinsa.

Wata rana yatsan ya tsaya a kan wani saurayi da ke gefen babbar mota, ya ɗan juyar da kai, hula ta rufe masa goshi. Baba ya ce tsayuwar ƙaninsa ce. Tsagar gidanmu ce za ta raba gardama, amma hoton ya yi dishi-dishi, ba a ganin kuncin sosai. Ban da Baba, yayarsu, wato gwaggon tawa ta Paiko, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san fuskar, shi ya sa muka kai mata littafin.

Gwaggo ta goge hannu a zanenta, ta kai littafin inda haske yake. Ta daɗe tana kallo.

"Soja, kai da ka tafi da shi, ni kake tambaya?"

"Yaya, dubi kunnen. Ba irin na Inna ba ne?"

"Wane yaro ne ba shi da kunne?"

Ta matso da shafin kusa da idonta, ta nisanta shi, ta sake matsowa. Daga nan ta ce a hankali, "Muryarsa dai ina ji, yana roƙona ƙanzo. Fuskar kam ta ɓace mini."

Baba ya karɓi abinsa, muka kamo hanyar Minna. Ya riƙe littafin a cinya har muka sauka a tasha, kuma bai ƙara sayen wani ba. Gwaggo ta riga shi rasuwa, shi ma bai daɗe ba ya bi ta. Ni ban taɓa ganin baffana ba, don haka ba ni da ikon cewa shi ne ko ba shi ba ne.

Mai karatu, idan akwai tsofaffin hotuna a gidanku, kuma dattijon da ya san mutanen ciki yana da rai, ka kai masa su yau. Ya faɗa maka wane ne wane, kai kuma ka rubuta a bayan kowane hoto.