Hannun Malam a Kafaɗar 'Yar Fari

Ina Malam, mijina, ya samo ƙarfin halin ajiye kunyar 'yar fari a gaban gari guda? Na tsufa ina tambayar kaina. Rubuta, jikata, kada hawayena ya tsayar da ke.

'Yarmu ta fari ba ta son a taɓa ta. Kitso yaƙi ne. Sabuwar atamfa kamar ƙaya ce a jikinta. Idan aka tada injin niƙa a bayan gidanmu na Burumburum, sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin rumbu. Aka ce iska ce. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, shiru. Ni kuwa ko sunanta ba na faɗa, balle in rungume ta. Haka muka tarar ana yi.

Wata damina, zamanin soja, wata malama ta zo Tudun Wada daga babban asibitin birni, ita da abokin aikinta. Suna binciken yaran da jikinsu ke rikita taɓi da ƙara da motsi, suna gwada ko wasa zai daidaita su. Gidaje da yawa suka rufe musu ƙofa. Malam ya share musu zaure, ya yanka zakara. Ya bar nomansa ya riƙa raka su a keke, har Kiru, har Doguwa a mota, yana roƙon iyaye su fito da yaran da suke ɓoyewa.

Suka ɗaura lilo a bishiyar ɗorawa. Suka cika ƙwarya da gero, 'yarmu ta nutsa hannu a ciki. Sannan malamar ta ce shafa a hankali ce ke firgita ta, a riƙa danna kafaɗunta da nauyi, kuma wanda take gani kullum ya yi. Ta dube ni. Na ja mayafi na rufe fuska.

Malam ya durƙusa a tsakar gida ya ɗora hannu a kafaɗunta. Ƙanwarsa ta leƙo ta katanga ta ce, “Yaya, yau kuma ungozoma ka koma?”

Ya ce, “To ki kawo naki, rangwame nake yi.”

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta jingina da ƙirjinsa. Ban taɓa ganin ta jingina da mutum ba. Na shige ɗaki na yi kuka, har da kishi a ciki.

Malamar ba ta yi mana alkawarin warkewa ba. Ta ce su ma koyo suke. Bayan kaka suka tafi, ba mu sake jin labarinsu ba. Malam ya ci gaba, safe da yamma, shekara da shekaru. Sannu a hankali yarinyar ta yarda da kitso, ta fara zuwa rijiya, amma hannunsa kaɗai ta sani.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ta zo ta zauna a bakin gado ta juya masa baya, tana jira. Ya ɗaga hannu, hannu ya ƙi. Ya yafito ni, ya kama nawa ya aza a kafaɗarta. Ba ta gudu ba.

Ya ce, “Danna sosai, baiwar Allah. Ba za ta karye ba. Ki kira sunanta in ji.”