Yadda Baba Ya Ɗinke Cikin Tarwaɗa

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Rikoto, ita ce shekarar da Baba ya ajiye kakin soja ya dawo Zuru. Aikin jinya ya yi a soja, wankin rauni da ɗinki, har Laberiya an kai shi. Ya dawo ba ya son doguwar magana, ga ciwon gwiwa da ya hana shi hawa tudu zuwa gonar dawa. Sai ya gina kwami biyu na siminti a bayan gida, ya zuba tarwaɗa.

Da farko daga nesa ake kawo masa 'ya'yan kifin a jarka, da yawa su mutu a hanya. Shi ya sa ya ƙudurta zai koyi ƙyanƙyasa da kansa. Akwai wani malamin kwalejin noma da muke coci ɗaya, ya yarda ya zo ya nuna masa.

Malamin ya ce tarwaɗa ba ta zuba ƙwai a kwami don kanta, ambaliyar damina take jira. Sai an yi wa macen allura, idan ta kwana a matsa cikinta, ƙwan ya zubo a roba. Namiji kuwa ko an matsa ba abin da zai fito. Dole a farke cikinsa a ciro jakar maniyyin.

"Wato a kashe shi," in ji Baba.

"Haka kowa yake yi, Saje," malamin ya amsa. Da muƙaminsa na soja mutanen gari suke kiransa.

Baba ya ɗauki wuƙa, ya juya ta a hannu, ya miƙa wa Mama. Ita ta yi aikin, kamar yadda take gyara kifin miya. Malamin ya sa aka goge robar ta bushe ƙarau, ya ce ɗigon ruwa ɗaya yana iya lalata komai. Maniyyin a kwance yake kamar mai barci, ko a jikin kifi ko a ruwan gishiri irin na asibiti. Da zarar ruwan daɗi ya taɓa shi sai ya farka, kuma ƙarfinsa ba ya kai minti biyu, idan da zafi ma ya fi saurin ƙarewa. Don haka a busasshiyar roba aka haɗa shi da ƙwan, aka gauraya da gashin kaza, sannan aka zuba ruwa.

Daga baya malamin ya nuna mini abin a madubin ƙara girma na kwalejinsu. Na leƙa, komai shiru. Ya ɗiga ruwa, nan take wurin ya hautsine kamar gidan tururuwa. Ina tsaye ban ɗaga ido ba har suka lafa ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina tunanin wannan, yadda halitta take ajiye ƙarfinta gaba ɗaya don ɗan lokacin da bai isa a sha kofin ruwa ba.

Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ragar da aka baza shi a kai ta cika da 'yan baƙaƙen abubuwa masu wutsil-wutsil. Mama ta yi farfesu da namijin. Baba bai ci ba, ya ce cikinsa ne.

Da lokacin ƙyanƙyasa ta biyu ya matso, sai ya tare malamin bayan an tashi daga coci.

"Malam, dole ne sai ya mutu?"

Malamin ya ce ya taɓa karanta cewa wasu suna yanka kaɗan, su ciri rabin jakar, su ɗinke, amma shi bai taɓa gani da idonsa ba. Ya ƙara da cewa kanumfari a ruwa yana sa kifi ya yi laushi.

Ranar Asabar da sassafe Baba ya dafa allura da zare da sabuwar reza. Ya tsoma namijin a ruwan kanumfari har ya yi laushi, ni kuma na riƙe kan kifin da jiƙaƙƙen tawul. Ban taɓa ganin hannunsa a bakin aikinsa ba sai ranar. Ɗinkin ya fito a jere kamar na tela. Kifin farko bai kai yamma ba. Baba ya duba shi, ya ce ya yi zurfi da rezar. Na biyun ya kwanta a gindin baho ya ƙi abinci har muka fitar da rai, sai wata safiya ya taso ya cafke ƙwayar abinci.

Muna tsaye a kansa Baba ya ce, da yarenmu na C'lela, ba tare da ya dube ni ba, "A can Laberiya, wanda ka ɗinka yau, gobe za a sake tura shi fagen daga. Ba ka jin labarinsa kuma."



Kifin ya warke, da ɗan farin tabo a ciki, kuma da damina ta zagayo ya sake ba da iri. Masu kiwo har daga Mahuta suka riƙa zuwa sayen 'ya'ya, malamin ma ya kawo ɗalibansa su ga ɗinkin. Baba yakan sa su wanke hannu har gwiwa kafin ya bar su su matso kusa da tebur.