Sukurun da Ban San Mai Shi Ba

Kafin duk wannan ya faru, ni yarinya ce da ba a cika jin muryarta ba. A aji nakan zauna layin baya kusa da taga, in malama ta kira sunana sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Abin da na iya shi ne kallo. Nakan san wadda ta canza igiyar takalmi, na kuma san tayil ɗin da ya tsage a matakalar gidanmu a unguwar Al-Sadd. Umma nas ce a wani asibiti kusa da mu, Abba kuma yana gyaran kwamfuta a wani ƙaramin shago a Fereej Abdel Aziz. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Mamana. Ba wanda zai dube ni ya ce zan ɗauki kayan wani, ni ma ban taɓa zata ba. Amma na yi sata, har na kusa sa a kori mahaifina daga wannan ƙasar Larabawa da muke zaune. Ina rubuta wannan ne don yara 'yan'uwana, musamman masu shiru irina.

Da korona ta zo aka rufe shaguna, mai shagon, wanda shi ne kafil ɗin Abba, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama, ya yarda ya riƙa aiki a gida. Teburin cin abincinmu ya koma wurin gyara. Ni ina gefe guda ina darasi a waya, shi yana ɗaya gefen da sukurudireba. Wata rana aka kawo masa modabod, wato babban allon da ake dasa duk sauran kayan kwamfuta a kai. Ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙi ne, mai nauyi, an lulluɓe shi da ƙarfe, ga wani ɗan gilashi a kusurwa da ke nuna lambobi. Abba ya ce wannan ba na ofis ba ne, na masu son abin ne a ransu. Mai shi ya saki firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a kan mazauninta, 'yan alluran da ke ciki suka lanƙwashe, ya ce a zubar kawai.

Na roƙi Abba ya bar mini. Alluran sun fi gashi kauri kaɗan, kuma suna jere kamar shuka a gona, duk sun karkata gefe ɗaya. In ka haska fitila ta gefe, waɗanda suka lanƙwashe sai su yi ƙyalli daban. Na cire bakin fensirina na latsawa, na riƙa zura kowace allura a ramin ina miƙar da ita, ina duba ta kyamarar waya. Haka na yi ta yi bayan darasi har na gama. Ranar da Abba ya gwada shi, lambobin nan suka yi ta gudu, sai hoto ya fito a allo. Ya daɗe yana kallona.

"Naki ne, Mamana," in ji shi. "Sauran kayan kuma a hankali, in Allah ya hore."

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Sai dai wannan a hankali ɗin ne na kasa haƙuri da shi.

Abba ya ba ni wata tsohuwar ma'ajiyar bayanai, siririya kamar cingam, amma babu sukurun da ke danne ta. Ƙaramin abu ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. A kan tebur akwai farantin maganaɗisu da Abba ke zuba sukurorin kwamfutar da yake gyarawa. Na ga irinsa a ciki. Na ce a raina wa zai lura da wannan, na ɗauka. Da Abba ya zo haɗa kayan mutumin ya rasa shi, ya durƙusa yana lalube ƙarƙashin tebur. Na durƙusa na taya shi nema. Daga baya ya ce wataƙila ya gangara, ya sa wani. A ranar na gane cewa ba a zargin yarinya mai shiru.

Daga nan sai na ɗauke wata wayar haɗa wuta. Daga waya sai fanka, daga wata kwamfuta mai fankoki da yawa. Ko da aka buɗe shaguna Abba bai daina kawo aiki gida ba, ni ma ban daina ba. In ya tambaye ni inda na samu, sai in ce yayan wata 'yar ajinmu ne ya ba ni. Shi kuwa a nasa ɓangaren yana ta ƙoƙari: ya samo mini tsohon akwati mai gilashi a gefe, daga baya ya kawo firosesa ta hannu. Duk abin da ya kawo sai in goge shi in dasa, kusa da na sata.

Sai ga Gasar Cin Kofin Duniya. Gari ya cika, tutoci ko'ina, a jirgin metro ba wurin tsayawa. Cikin masu kawo wa Abba aiki akwai Malam Issifu, mutumin Kumasi, direba ne amma yana ɗaukar bidiyon magoya baya yana tacewa. Hausarsa ta Zango ce, ni ma "kai" yake ce mini, abin ya riƙa ba ni dariya a ɓoye. Ya kawo kwamfutarsa a share mata ƙura. Abba ya gama, ya gwada ta ina makaranta, ya mayar da ita kwali. Da ya tafi sallar la'asar na buɗe. Ram huɗu ne a ciki, wato 'yan sandunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kansu, baƙaƙe masu kyau, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Na cire biyu, na farko da na uku, don na san a haka za ta ci gaba da tashi. Na rufe kwalin yadda na same shi.

Ba a daɗe ba Abba ya dawo gida bai ci abinci ba. Ina kicin na ji yana gaya wa Umma cewa kwamfutar Malam Issifu ta riƙa tsayawa a tsakiyar aiki, ya buɗe ya ga ramuka biyu fayau, ya zo shago ya kira shi ɓarawo a gaban mutane. Kafil ya ce in kayan ba su fito ba zai kai maganar wurin 'yan sanda, kuma iƙamar Abba, takardar izinin zamansa, ta ƙare ke nan. Na tsaya riƙe da kofi. Na so in fito in faɗa, bakina ya ƙi buɗewa. Na yi shiru, kamar yadda na saba.

Ana cikin haka, ranar Juma'a, Abba ya shigo ɗakina da kwali a hannu. Akwatin da ke ba kwamfuta wuta ne, abu na ƙarshe da ya rage mini. Ya ce ya saya tun kafin rigimar, kuma in har za a kore shi zuwa ƙasarmu, yana so ya ga abin ya tashi tukuna. Na haɗa wayoyin. Ya leƙa ya ga ram, ya tambaya, na ce yayan ƙawata ne ya ara mini. Ya yarda, baƙin ram ya yi yawa a gari. Ya ce in yi bismillah in danna.

Fankoki suka juya, lambobi suka gudu. Sai sandunan nan biyu suka kama da haske, ja, ruwan ɗorawa, kore, suna hawa suna sauka a bayan gilashi. Ban san ram na iya riƙe kalar da mai shi ya saita masa ba. Malam Issifu ya sa musu tutar ƙasarsa saboda gasar, kuma Abba ya gani ranar da ya gwada. Hasken na ta wasa a kan farar rigarsa.

Bai dake ni ba. Ya zauna bakin gado ya ce, "Kashe, Mamana." Da na kashe ya ce, "Sai me kuma?"

Na lissafa masa duka, har sukurun. Ya ce in sa hijabi.

A shago ya ƙi yin magana a madadina. Ni da ban iya amsa tambaya a aji ba, na tsaya gaban kafil da Malam Issifu na ce ni ce. Kafil ya ce khalas, shi ke nan, magana ta koma hannun mai kaya. Malam Issifu ya daɗe yana juya ram ɗin a hannu, sannan ya tambaye ni daga waɗanne ramuka na cire. Na faɗa masa, na faɗi dalili.

"Ka ji ɓarawo mai tausayin inji," in ji shi. "To yalla, zo ka mayar da hannunka."

Na mayar, suka yi ƙas, duka huɗun suka haska. Sai ya juya ya kama hannun Abba ya nemi gafararsa a gaban mutanen da suka ji ya zage shi. Abba ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ba a kai ni gidan yari ba, amma na yi nawa zaman. Abba ya sa na wargaza kwamfutar da kaina, ya kulle modabod ɗin a kabad ɗin shago har ƙarshen shekarar karatu. Duk Asabar mukan hau bas mu mayar da abu ɗaya ga mai shi, ni zan ƙwanƙwasa, ni zan yi bayani. Wani ya yi dariya ya ba ni dabino. Wata mata a Al Aziziya ta karɓi fankarta ta rufe ƙofa, kuma ba ta sake kawo wa Abba aiki ba.

Da aka yi hutu ya miƙo mini makullin kabad. Umma ta saya mini ram biyu, koraye, marasa haske ko kaɗan. A kan wannan kwamfutar nake rubutu yanzu. Ba ta da sauri sosai, amma kowane abu a cikinta zan iya gaya muku inda ya fito, kuma in Abba ya shigo ba na juya gilashin wajen bango. Na tuba ga Allah, Abba ya yafe mini, har ya koma barin farantinsa a kan tebur.

Abu ɗaya ne ban iya mayarwa ba. Abba ya kasa tuna na wane ne sukurun farko, don da yawa cikin mutanen lokacin korona sun bar ƙasar. Yana nan cikin wata 'yar leda a gaban allona, ban sa shi a komai ba.

Ku da kuke haɗa naku, ku jira abin da ya rage muku, ko da zai daɗe. In kuna so, ku buɗe baki ku roƙa. Kada ku ce abu ya yi ƙanƙanta ba wanda zai lura. Gaskiya ne, nawa mai shi bai lura ba, shi ya sa har yau ban sami wanda zan ba haƙuri ba.